Daƙiƙar ƙari da agogon sabobinmu: a saka ta gaba ɗaya ko a shimfiɗa ta?

Hadiza, Yamai

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga mu daɗewa a harkar sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima, da hanyoyin sadarwa. A kamfanin aika kuɗi da nake aiki muna sake tsara yadda na'urorinmu ke karɓar lokaci. Muna da sabobi a nan Yamai, sannan akwai ƙananan na'urori a rassanmu na Tawa da Maraɗi da Damagaram, kuma kowace hada-hada da aka yi, ko ta jaka ɗaya ce, ana rubuta mata lokacinta a rumbun bayanai, da shi ake jera wadda ta riga wata.

Da na buɗe fayil ɗin saitin chrony na sabobin da na gada, wato manhajar da ke daidaita musu agogo, sai na tarar da layi huɗu: biyu suna nuni ga time.google.com da ƴan'uwansa, biyu kuma suna nuni ga pool.ntp.org, dukansu majiyun lokaci ne a intanet. A ranakun yau da kullum babu wanda zai ga aibun haka, domin duka huɗun suna ba da lokaci ɗaya, bambancinsu bai wuce ƴan milidaƙiƙa ba (milidaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin dubu na daƙiƙa). Amma a ranar da za a saka daƙiƙar ƙari, wato daƙiƙa guda da akan ƙara wa agogon duniya jefi-jefi, na Google suna shimfiɗa ta cikin awa 24, na pool kuwa suna sanar da ita ne domin a saka ta gaba ɗaya, wato biyu za su ce abu kaza, biyu su ce wani abin daban.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, wace hanya ce ta fi dacewa da irin aikinmu? Na biyu, wani abokin aikina yana ganin ɓata lokaci ne, tun da rabon da a saka daƙiƙar tun ƙarshen 2016, kuma an riga an yanke shawarar daina ta nan da 2035. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan magana ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Rabi, Tawa

Wa alaikumus salam, Yaya Hadiza. Ni ɗaliba ce, kuma ina bin wannan zaure domin ƙaruwa. Kafin manya su shiga cikin maganar saiti, ina roƙon a fayyace mana mafarin abin: me ya sa ake ƙara daƙiƙa tun farko, kuma wa ke da ikon cewa a ƙara?

Injiniya Mahamadu, Yamai

Rabi, ƙanwata, tambayarki ce ya kamata a fara da ita. Agogo iri biyu ne duniya ke ƙoƙarin haɗawa. Na farko shi ne juyawar ƙasa kanta, wanda masana ke kira UT1. Na biyu shi ne agogon atam, wanda tun 1967 aka ayyana daƙiƙarsa da bugun sinadarin siziyam sau 9,192,631,770, kuma daga ɗaruruwan irin waɗannan agogo da ke ƙasashe daban-daban ake haɗa lokacin da ake kira TAI. Agogon atam ba ya sauri, ba ya jinkiri. Ƙasa kuwa tana yin duka biyun: jan da wata ke yi wa ruwan teku yana rage mata gudu a hankali, kimanin milidaƙiƙa biyu a tsawon yini cikin kowace shekara ɗari, sannan motsin narkakken ƙarfen da ke cikinta da iska da ƙanƙara suna sa ta yi sauri ko ta ja baya daga shekara zuwa shekara.

Kada a ɗauka cewa ƙasa tana rasa daƙiƙa guda kowace shekara. Abin da ke faruwa shi ne, an yanka daƙiƙar atam ne daidai da tsawon yini na wajen farkon ƙarni na 19, to idan yinin yau ya fi wancan tsawo da milidaƙiƙa ɗaya tak, cikin shekara an tara fiye da sulusin daƙiƙa. Tarin ne ke yawa.

UTC, agogon da duniya ke bi, wanda agogonmu na Nijar ya ɗara da awa ɗaya, sulhu ne tsakanin biyun. Yana bugawa da daƙiƙar atam, amma tun 1972 ake saka masa daƙiƙar ƙari, kuma dokar ita ce kada ya yi nisa da UT1 fiye da daƙiƙa 0.9. Hukumar IERS mai auna juyawar ƙasa ce ke sa ido, kuma daga cibiyarta da ke Paris take fitar da sanarwar da ake kira Bulletin C kusan wata shida kafin lokacin, ta ce za a ƙara ko ba za a ƙara ba. Ana ƙarawa ne a ƙarshen Yuni ko ƙarshen Disamba, bayan 23:59:59 sai a sami 23:59:60, kafin a shiga sabuwar rana. A wajenmu hakan ya faɗo ƙarfe 00:59:60 na daren 1 ga Yuli ko 1 ga Janairu. An yi haka sau 27, shi ya sa yau TAI ke gaban UTC da daƙiƙa 37, wato goma na asali da waɗannan 27. Babu wani lissafi da zai gaya miki ranar ta gaba: daga 1972 zuwa 1979 ba a taɓa tsallake shekara ba, amma daga ƙarshen 1998 sai da aka kai ƙarshen 2005 kafin a sake.

Sanusi, Yamai

Injiniya ya shimfiɗa mana tushe, bari ni kuma in kawo ɓangaren masu rubuta manhaja, domin a nan ne ɓarnar take aukuwa. Tsarin POSIX, wato ƙa'idar da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabobi, ke bi, yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ya ɗauka cewa kowane yini daƙiƙa 86,400 ne, ba ƙari ba ragi. Saboda haka 23:59:60 ba ta da lamba a wurinsa. Idan NTP, tsarin da na'urori ke karɓar lokaci da shi ta hanyar sadarwa, ya ɗaga alamar cewa yau akwai ƙari, abin da zuciyar Linux (kernel, ginshiƙin da sauran manhajoji ke zaune a kai) ke yi shi ne ta ja agogo baya da daƙiƙa ɗaya, a maimaita 23:59:59. Wanda ya duba kundin na'ura a daren zai ga layi guda mai cewa "Clock: inserting leap second 23:59:60 UTC", sannan a kundin manhajarsa ya ga abin da ya faru a 59.900 ya zo kafin abin da ya faru a 59.100, alhali jerin na gaskiya ne, agogon ne ya koma.

A daren 30 ga Yuni 2012, wani kuskure a zuciyar Linux ya sa ba a sanar da sashen da ke kula da ƙananan ƙararrawa cewa an taɓa agogo ba. Sai kowace manhajar da ta ce a tashe ta bayan ɗan lokaci ta riƙa farkawa nan take, ta sake kwanciya, ta sake farkawa, har ta cinye ƙarfin na'urar baki ɗaya. Manhajojin Java da MySQL sun fi shan wuya. Reddit ya tsaya, Mozilla da LinkedIn sun sami matsala, kuma tsarin Amadeus da kamfanonin jiragen sama ke amfani da shi ya tangarɗe har jiragen Qantas suka yi jinkiri a Ostareliya. Maganin da mutane suka yi ta yaɗawa a daren layi ɗaya ne: a sake saita agogo da umarnin date zuwa lokacin da yake nunawa, domin hakan na tilasta wa tsarin ya sabunta ƙararrawar.

Amma wanda ya fi kama da aikinki, Hadiza, shi ne na kamfanin intanet na Cloudflare a daren shiga 2017. Babu laifin Linux a wannan karon. Manhajarsu ta DNS, mai mayar da sunan shafin intanet zuwa adireshinsa, wadda aka rubuta da harshen Go, tana auna tsawon lokacin da wani sabar ya ɗauka kafin ya amsa, ta hanyar cire lokacin farawa daga lokacin gamawa. Da agogo ya koma baya, sai amsar ta fito ƙasa da sifiri, aka miƙa ta ga wani sashe da ba ya karɓar irin wannan lamba, manhajar ta faɗi. A wancan lokacin Go bai ba masu rubutu agogon da ba ya komawa baya ta hanyar da suka saba ba, sai a fitowa ta 1.9 cikin 2017 aka gyara.

Don haka kafin ki zaɓi hanyar saka daƙiƙa, ki sa masu manhajarku su binciko duk inda ake cire lokaci daga lokaci. Auna tsawon abu aikin CLOCK_MONOTONIC ne, wanda ba ya ja da baya ko da an taɓa agogon bango. Kuma jera hada-hadar kuɗi da lokaci kaɗai, ba tare da lambar jeri daga rumbun bayanai ba, haɗari ne ko da babu daƙiƙar ƙari a duniya, domin batirin agogon na'ura kan mutu, NTP kan gyara agogo da tsalle bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, wanda mu nan mun fi kowa sanin yawansa.

Alhaji Isufu, Yamai

Na yi shekaru ina kula da na'urorin banki kafin in ajiye aiki, kuma ra'ayina a kan tambayar farko shi ne a shimfiɗa. Dalilina, manhajar da ke cikin kamfanin kuɗi ba duka ne ku kuka rubuta ba. Akwai ta sayowa wadda ba ku ganin cikinta, akwai tsohuwa wadda wanda ya rubuta ta ya bar aiki tuntuni. Shawarar Sanusi daidai ce, amma ba za ku iya gyara abin da ba ku da makullinsa ba. Idan aka shimfiɗa, babu manhajar da za ta ga agogo ya koma baya, babu wadda za ta ga daƙiƙa ta 60.

Daƙiƙar nan kamar bashi ce: wani ya biya a take, wani ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya gama. Yadda Google da Amazon ke yi, ana farawa daga tsakar rana agogon UTC zuwa tsakar ranar gobe, wato daga ƙarfe 13:00 zuwa 13:00 a agogonmu, kowace daƙiƙa a ƙara mata tsawon kashi 11.6 cikin miliyan. Dab da tsakar dare agogon da aka shimfiɗa yana bayan UTC na gaskiya da rabin daƙiƙa, da an wuce lokacin sai ya koma gabansa da rabin daƙiƙa, daga nan ya yi ta matsowa har su haɗu.

Abin da zan ja kunnenki a kai, ɗiyata, shi ne masu shimfiɗawar ma ba su haɗu a kan salo ɗaya ba. Google da kansa awa 20 ya yi amfani da ita a 2016 kafin ya koma 24. Meta kuwa awa 17 take yi, tana farawa daga tsakar daren. Saboda haka haɗa majiyu biyu masu shimfiɗawa ma na iya jawo rikici, balle a haɗa mai shimfiɗawa da marar shimfiɗawa kamar yadda kika tarar. NTP yana bin rinjaye ne, yana yar da wanda ya ware. Biyu da biyu babu rinjaye. Wani sabar zai rasa wanda zai bi, wani ya karkata nan, wani ya karkata can, gwargwadon wanda ya fi amsa masa da sauri a wannan daren, kuma ku wayi gari da na'urorin gida ɗaya suna saɓa wa juna. Wannan ya fi kowace daga cikin hanyoyin biyu muni.

Sannan ku rubuta a takarda, shugabanni su sa hannu, cewa cikin waɗannan awoyi 24 lokacin da ke kan rasit ɗinku zai iya bambanta da na abokan hulɗarku da rabin daƙiƙa. Ranar da aka sami gardama kan wace hada-hada ce ta riga shiga tsakaninku da wani banki, takardar nan ce za ta fid da ku a gaban masu bincike.

Injiniya Mahamadu, Yamai

Alhaji, na yarda da ku a kan sabobin Hadiza, amma ina so kada masu karatu su fita da fahimtar cewa shimfiɗawa magani ne ga kowa. A ɓangarenmu na sadarwar wayar salula ba ta karɓuwa ko kaɗan. Ƙa'idar babbar eriyar salula ita ce mitarta kada ta kauce fiye da kashi 50 cikin biliyan, shimfiɗawa kuwa tana karkatar da agogo da kashi 11.6 cikin miliyan, wato ta ninka iyakar fiye da sau ɗari biyu. A tsarin da eriya ke aikawa da karɓa a mita ɗaya bi da bi, kamar yadda yake a yawancin 5G, dole kowace eriya ta daidaita da agogon tushe cikin kusan maikurodaƙiƙa ɗaya da rabi (maikurodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin miliyan na daƙiƙa), in ba haka ba wata na magana wata na saurare, su toshe wa juna.

Shi ya sa ƙa'idar PTP, wato IEEE 1588, wadda muke raba wa eriyoyi lokaci da ita, ke tafiya da TAI, wanda ba ya sanin ƙari, sai ta ɗauki bambancin nan na 37 a gefe a matsayin bayani ga mai son ya fitar da UTC. GPS ma haka yake: agogonsa ya fara daidai da UTC a 6 ga Janairu 1980, bai taɓa karɓar ƙari ba, yau yana gaban UTC da daƙiƙa 18, kuma tauraron ne ke aiko da wannan lamba cikin saƙonsa. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi tsabta, a ƙirga lokaci ba yankewa a ciki, a mayar da shi UTC a bakin ƙofa kawai, inda mutum zai karanta.

Haɗarin yana wurin iyaka. Kamfanin da ke da PTP a wani sashe da NTP mai shimfiɗawa a wani sashe, ya tabbata ya san kowace na'ura da wanda take bi, kuma kada wata ta sha daga rijiya biyu. Haka nan a Turai dokar MiFID II ta wajabta wa masu cinikin hannun jari da na'ura mai sauri su tsaya cikin maikurodaƙiƙa 100 daga UTC, to irin waɗannan rabin daƙiƙa ya fitar da su daga doka. Ki duba yarjejeniyoyinku da masu haɗa ku da sauran bankuna, Hadiza, ko akwai sharaɗi irin wannan a ciki.

Malam Abdulkarim, Tawa

Assalamu alaikum. Ni ba ma'aikacin sabobi ba ne, malamin lissafi ne, kuma nakan taimaka wajen fitar da jadawalin lokutan salla ga wasu masallatai a nan Tawa. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma maganar daina ƙara daƙiƙa ce ta tsaya mini a rai. Mu lokacinmu na ibada da rana yake tafiya: zawali, faɗuwarta, ketowar alfijir. Idan aka saki igiyar da ta ɗaure agogo da juyawar ƙasa saboda na'urori sun kasa jure daƙiƙa guda a shekara biyu ko uku, ashe ba mun mayar da abin da Allah ya sa mana ma'auni ya zama mabiyi, abin da muka ƙera kuma ya zama shugaba ba? Ina ganin gyaran manhaja ya fi sauƙi a kan canza ma'anar agogon duniya. Injiniya, ku da kuka san harkar, ku yi mini bayani idan akwai abin da ban hango ba.

Injiniya Mahamadu, Yamai

Malam, damuwarku tana da tushe, kuma masana taurari da dama sun tsaya a kan irinta shekaru masu yawa. Ga abin da aka yanke: a Nuwamban 2022, babban taron awo da ma'auni na duniya, CGPM, da ya zauna a Versailles ta Faransa, ya amince a faɗaɗa iyakar nan ta 0.9 a shekarar 2035 ko kafin ta, aka bar wa taron 2026 ya duba sabuwar iyakar. Rasha ta so a jinkirta zuwa 2040, domin taurarinta na GLONASS suna bin UTC ne da ƙarinsa, saɓanin GPS da Galileo da BeiDou. Taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023 shi ma ya bi wannan layi. Ba a ce za a daina auna juyawar ƙasa ba. IERS za ta ci gaba da fitar da bambancin UT1 da UTC, kuma mai lissafin rana zai saka shi cikin lissafinsa.

Game da salla kuwa, ku dubi girman abin. Agogonmu na UTC da awa ɗaya an yanka shi ne a kan layin digiri 15 gabas. Yamai tana kusa da digiri 2, Tawa ta ɗan wuce digiri 5. Kowane digiri minti huɗu ne, don haka agogon bango ya riga ranar Yamai da fiye da minti 50, ya riga ta Tawa da kusan minti 39, kuma ku kuna shan ruwa kafin mu da minti 12 da ɗoriya. Jadawalinku ya riga ya haɗiye duk wannan ba tare da wata matsala ba. Daƙiƙa ɗaya ta juyawar ƙasa a yankinmu daidai take da tazarar mita 450 daga gabas zuwa yamma, wato masallatai biyu na unguwa ɗaya sun riga sun bambanta da hakan. Duk abin da aka tara cikin fiye da shekara hamsin daƙiƙa 27 ne, bai kai rabin minti ba.

Malam Abdulkarim, Tawa

Na gamsu da lissafin, Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. A aikace jadawalina ba zai girgiza ba a zamanina ko na jikokina. Abin da ya rage mini shi ne, tarin ba zai tsaya ba, kuma wata rana zai kai minti, sai a ce a ƙara minti guda gaba ɗaya. Idan ƙarin da ake yi duk bayan ƴan shekaru ya kayar da manyan kamfanoni, to wanda zai zo sau ɗaya a ƙarni, lokacin da babu wani ma'aikaci mai rai da ya taɓa ganin irinsa, ina jin zai fi wuya. Ina fatan masu yanke shawarar za su bar wa na baya hanya a rubuce tun yanzu.

Sanusi, Yamai

Maganar Malam ta kai mu ga tambayar Hadiza ta biyu, kuma amsata ga abokin aikinta ita ce bai duba ɗaya gefen ba. Dalilin da ya sa ba a ƙara komai ba tun 2016 shi ne ƙasa ta ƙara sauri. Tun 2020 ake ta samun ranakun da suka fi gajarta a tarihin awo da agogon atam: ranar 29 ga Yuni 2022 ta gaza awa 24 da milidaƙiƙa 1.59, ta 5 ga Yuli 2024 kuma da 1.66. Idan aka ci gaba a haka, abin da zai zo shi ne ragi, a cire daƙiƙa guda, daga 23:59:58 a tsallaka zuwa 00:00:00. A Maris na 2024 Duncan Agnew na cibiyar Scripps ya wallafa bincike a mujallar Nature inda ya nuna ana iya buƙatar hakan wajen 2029, kuma da ba don narkewar ƙanƙarar Girinlan da Antatika ta ɗan rage wa ƙasa gudu ba, da tun 2026 ne. Hasashe ne, yana iya sauyawa, amma 2029 ta riga 2035 zuwa.

Ba a taɓa yin ragi ba ko sau ɗaya. Ƙa'idar NTP ta tanadi alamarsa, zuciyar Linux tana da layukan da za su aiwatar da shi, amma layuka ne da ba su taɓa aiki a duniyar gaske ba. Ƙari an yi shi sau 27 kuma har a na ƙarshe an sami wanda ya faɗi. Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙananan na'urori: masu karɓar GPS da aka saya shekara goma da suka wuce, na'urorin tsaron hanya, injinan cirar kuɗi, waɗanda mai yiwuwa wanda ya rubuta manhajarsu ya ɗauka bambancin kullum hawa yake yi. A nan ma ra'ayin Alhaji ya ƙara ƙarfi, domin shimfiɗawa tana aiki ta kowane ɓangare, a rage gudun agogo ko a ƙara masa.

Hadiza, Yamai

Na gode ƙwarai, Baba Alhaji, Injiniya, Malam da Sanusi. Ga abin da zan gabatar wa shugabanninmu. Za mu kafa sabobin lokaci uku na cikin gida a Yamai. Su kaɗai ne za su karɓi lokaci daga waje, daga mai karɓar GPS da za mu ɗora eriyarsa a saman bene da kuma majiyun da ba sa shimfiɗawa, za mu cire na Google daga cikinsu. Su ukun ne za su yi shimfiɗawar da kansu da saiti iri ɗaya, ta hanyar leapsecmode da smoothtime na chrony, kuma ba za su miƙa alamar ƙari ga na ƙasa da su ba. Duk sauran na'urori za a toshe musu hanyar neman lokaci daga intanet. Masu manhaja kuma za su bi shawarar Sanusi.

Saura matsala guda. Layin reshenmu na Tawa yakan yanke na awoyi, musamman da damina. Idan ya yanke ana tsakiyar shimfiɗawa, na'urar reshen za ta yi yaya?

Injiniya Mahamadu, Yamai

Za ta ci gaba da gudun da ta koya na ƙarshe. Idan layin ya yanke bayan an fara shimfiɗawa kuma bai dawo ba har aka gama, za ta zarce tana jinkiri, idan kuma ya yanke kafin a fara, ba za ta san an yi komai ba, ta zauna da bambancin da zai kai daƙiƙa guda har layin ya dawo. Ga reshe wannan ba bala'i ba ne, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ki duba umarnin makestep, wanda ke ba chrony damar gyara agogo da tsalle ɗaya, a na'urorin rassa, ki tabbata an ba chrony izinin tsalle a lokacin kunna na'ura kawai, kafin manhajar kuɗi ta tashi, bayan haka duk gyara ya zama na sannu a hankali. Na biyu, lokacin da ake jera hada-hada da shi ya zama wanda sabar Yamai ta buga sa'ad da ta karɓa, na reshe a ajiye shi a gefe domin bincike. Kada ki sa wa reshen GPS nasa a matsayin madadin ba tare da saitin shimfiɗawa iri ɗaya ba, in ba haka ba kin dawo da matsalar da kika fara da ita.

Ki kuma kula da fayil ɗin leap-seconds.list, mai ɗauke da jerin daƙiƙoƙin ƙari, idan da shi za ki dogara a sabobin uku. Yana ɗauke da ranar ƙarewar aikinsa a ciki, ana sabunta shi bayan kowace sanarwar IERS, kuma yana zuwa tare da kunshin tzdata na bayanan agogon ƙasashe, don haka sabar da aka daina sabunta wa kunshi za ta zauna da tsohon labari. Ki sa na'urar sa ido ta riƙa karanta layin Leap status daga umarnin chronyc tracking, ta tashe ku idan sabobin uku ba su faɗi abu ɗaya ba.

Alhaji Isufu, Yamai

Ƙari guda a kan na Injiniya. Kada ku jira sanarwar Paris kafin ku gwada. Ku ware ƴan na'urori da ba su haɗe da na aiki, ku sa musu kwafin manhajar kuɗin da rumbun bayananta, ku ba sabar gwajin fayil ɗin da kuka saka wa daƙiƙar ƙarya, ku mayar da agogonsu zuwa ƙarshen Yuni, sannan ku riƙa zuba musu hada-hadar gwaji har a ƙetare lokacin. Ku yi sau biyu, ɗaya da ƙari ɗaya da ragi, kuma a kowanne ku zare wayar na'ura guda a tsakiya domin ku ga halin reshen Tawa da idonku. Idan kin shirya gwajin, ɗiyata, ki gayyaci Rabi da ƴan ajinsu su kalla ta intanet, kuma ki kawo mana kundin na ragin a nan mu duba shi tare.